Sarki Mahmudu na Gazna da Mawaƙansa: Me Yake Saye da Dukiyar Indiya?

Garin Gazna yana nan har yau a Afganistan, a kan babbar hanyar da ta haɗa Kabul da Kandahar. Matafiyin da ya ratsa shi yanzu da wuya ya gaskata cewa shekara dubu da ta wuce babu fadar da ta kai tasa tara mawaƙa da masana a duk gabashin ƙasashen Musulmi. Wanda ya kai garin wannan matsayi shi ne Sarki Mahmudu ɗan Subuktigin, wanda ya hau gado a 998, ya rasu a 1030. Cikin shekara 32 ya shimfiɗa mulkinsa tun daga Rayyu, kusa da Tehran ta yau, har Punjab, tun daga Huwarizm a arewa har Sistan a kudu.

Masu ba da labarinsa sun kasu gida biyu. Wasu suna ɗaukarsa gwarzon Musulunci kuma gatan malamai, hujjarsu ita ce mawaƙa 400 ke cin abinci a ƙofarsa. Wasu kuma suna kallonsa mahari ne marowaci, wanda ya wawushe Indiya, sannan ya hana Firdausi, mawaƙin da ya fi kowa a tarihin Farisa, ladan wahalar shekara 30. Adadin nan na 400 daga littafin Daulatshah ya fito, wanda aka rubuta a 1487, fiye da shekara 450 bayan rasuwar sarkin, saboda haka a riƙe shi sako-sako. Abin da babu gardama a kansa shi ne Mahmudu ya zuba dukiya mai yawa a kan masu baiti da masu alƙalami. A ganina tambayar da ta fi amfani ita ce: mutumin da ya ƙare rabin rayuwarsa a kan sirdi, me yake saye da wannan kuɗi? Wace irin haja ce ke karɓuwa a fadarsa, wacce kuma ke yin kwantai?

Sai an fara da asalinsa. Mahaifinsa Subuktigin bawa ne Baturke, an kamo shi yana yaro daga tsakiyar Asiya, aka sayar da shi ga Alptigin, wanda shi ma bawa ne da ya zama babban kwamandan sarakunan Samaniyawa na Buhara. Da Alptigin ya ɓata da fada, sai ya kwashi mutanensa ya tafi Gazna wajen 962, can gefen daula inda hannun Buhara ba ya kaiwa sosai. A 977 sojoji suka ɗora Subuktigin a kansu. Da zai rasu a 997 ma bai bar wa Mahmudu gadon ba, ƙanensa Isma'ila ya yi wa wasiyya, sai da Mahmudu ya ƙwace da takobi. Ke nan sarkin da muke magana a kansa ɗan bawa ne, Baturke yana mulkin Farisawa, kuma ko a gidansu ba shi aka zaɓa ba. Daga baya masu tsara salsala sun ƙulla wa gidan dangantaka da Yazdajirdu, sarkin Farisa na ƙarshe kafin Musulunci. Wanda yake da asali ba ya bukatar a ƙera masa.

Iyayen gidansu Samaniyawa kuwa sun bar wata al'ada mai nauyi. A fadarsu ce Farisanci ya sake miƙewa ya zama harshen adabi bayan ƙarnonin da Larabci ya mamaye rubutu. Can Rudaki ya yi waƙa, can waziri Bal'ami ya mayar da tarihin Ɗabari zuwa Farisanci a 963, can malamai suka fassara tafsirinsa. A idon mutanen Kurasan, yankin gabashin Iran da arewacin Afganistan, sarki na gaske shi ne mai mawaƙa a dama, magatakarda a hagu, da malamai masu sadaukar masa da littattafai. A 999 daular Samaniyawa ta rushe, Turkawan Ƙarahaniyawa suka shiga Buhara, Mahmudu ya riƙe duk abin da ke kudancin kogin Jaihun, wato Amu Darya ta yau. Tare da ƙasar ya gaji ma'aikatan diwani da tsarin haraji, ya kuma gaji abin da talakawa da manyan gari ke sa ran gani a wurin mai sarauta.

Ƙofa ta farko da ya ƙwanƙwasa ita ce ta Bagadaza. Halifa Alƙadir Billahi a lokacin kusan fursuna ne a hannun Buwaihawa 'yan Shi'a, ga Faɗimiyawan Masar suna ja da shi a kan halifancin kansa. Samaniyawa ma ba su amince da shi ba, sunan wanda aka tuɓe kafinsa suka ci gaba da ambata a huɗuba. Mahmudu ya sa aka koma ambaton Alƙadir a mumbarorin Kurasan, Halifa kuma ya aiko masa da alkyabba da laƙabin Yaminud Daula wa Aminul Milla. Ciniki ne da kowa ya ci riba: Halifa ya sami takobi a gabas, ɗan bawa ya sami takardar shaida. Tun daga nan Mahmudu ya ɗauki rigar mai kare Sunna, bai kuma cire ta ba. Ya far wa Isma'iliyawan Multan, duk da cewa Musulmi ne ke mulkin garin, ya sa aka kashe manzon da Faɗimiyawa suka aiko masa. Wannan riga za ta shafi makomar marubuta da littattafai nan gaba.

Kuɗin kuwa daga Indiya ya riƙa zuwa. An saba ƙirga hare-harensa 17. A 1001 ya karya Jayapala, wani sarkin Hindu, kusa da Peshawar, a 1018 zuwa 1019 ya kai Mathura da Kanauj, a farkon 1026 ya isa Somnath a gaɓar tekun Gujarat bayan ya keta hamada da dawakai 30,000. In ban da Punjab, bai damu da riƙe garuruwan da ya ci ba. Ya shiga lokacin sanyi, ya kwashe zinariya da azurfar da aka tara a gidajen bauta, ya koro bayi da giwaye, ya koma gida kafin zafi ya yi tsanani. Utbi, magatakardan da ya rubuta tarihin sarkin da Larabci mai ƙawa, ya ce a harin Kanauj an zo da bayi masu yawan gaske, har farashin bawa ya faɗi zuwa tsakanin dirhami 2 da 10. Da ganimar wannan tafiya aka gina babban masallacin Gazna da ake kira Arusul Falak, da makaranta da ɗakin littattafai a jikinsa. Rundunarsa ta bayi ce da sojojin haya, a ciki har da Hindu, kuma irin wannan runduna albashi take ci ko ana yaƙi ko ba a yi. A wani duban sojoji da aka yi a wajen Gazna an ƙirga dawakai 54,000 da giwaye 1,300. Daular tamkar an gina ta ne a kan cewa dole kowace shekara a fita neman abin da za a ciyar da ita.

A nan mawaƙi yake shigowa. Yaƙin da aka yi a ƙasar da ke nesa da wata biyu ko uku, idan ba wanda ya ba da labarinsa, kamar ba a yi shi ba ne. Zuwa Bagadaza ana aika wasiƙar nasara da Larabci. Amma amirai da manyan Balhu da Hirat da Naisabur, da sarakunan maƙwabta da ake so su ji tsoro, ƙasidar Farisanci ce ke isa gare su. Ana rera ta a gaban jama'a ranar salla, ko bikin Nairuz da Mihrajan, ko ranar da runduna ta dawo, marubuta su kwafa, masu hadda su ɗauka, fatake su tafi da ita. Ƙasida ce ke mayar da harin neman ganima ya zama jihadi, ta mayar da ɗan Subuktigin ya zama magajin sarakunan Iran. Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fada ranar hawan salla ya ji yadda makaɗin sarki ke wasa ubangidansa, yana yi wa 'yan uwan takara habaici, ya san cewa doki da rigar da ake ba shi ba sadaka ba ce, ladan aiki ne, kuma aikin na mai rai ne wanda ke kan gado yau.

Mutum biyu suka fi kowa gane wannan kasuwa. Unsuri mutumin Balhu shi ne sarkin mawaƙan fada, ta hannunsa sabon mawaƙi ke bi kafin ya kai ga sarki. Arzikin da ya tara ya zama abin kwatance, har mawaƙi Haƙani, fiye da shekara ɗari bayansa, yana cewa ya ji labarin murhun Unsuri na azurfa ne, kwanonin cin abincinsa na zinariya. Na biyu shi ne Farruhi mutumin Sistan. Yadda Nizami Aruli ya ba da labari a littafinsa Chahar Maƙala, Farruhi barantaka yake yi wa wani mai gonaki a kan awo 200 na hatsi da dirhami 100 a shekara. Da ya yi aure abin ya kasa, sai ya nufi fadar amirin Chaganiyan, ya tarar ana bikin yi wa dawakai lamba, ya tsara ƙasida a kan filin. Amir ya ce ya shiga garke ya kama iya abin da zai iya, ya tashi da 'yan duƙushi 42. Daga can ya wuce Gazna, inda ya kai ga bayi 20 masu ɗamarar azurfa ke bin bayansa in ya hau.

Ba a raina gwanintar waɗannan mutane ba. Ƙasidar Farruhi a kan tafiyar Somnath tana bayyana hanya da zangon da aka yi dalla-dalla, har masu tarihi na dogara da ita, kuma makokin da ya yi wa Mahmudu, inda yake yawo cikin Gazna yana tambayar abin da ya sa kasuwa ta rufe, yana cikin mafi kyawun abin da aka tsara da Farisanci. Amma a duba yadda suke buɗe waƙoƙinsu. Farruhi ya fara ƙasidar Somnath da cewa labarin Iskandar ya tsufa ya zama tatsuniya, a kawo sabon zance, don sabo yana da nasa zaƙi. Unsuri, a ƙasidarsa ta cin Huwarizm, ya bi sawun Abu Tammam, mawaƙin Larabci, ya ce a dubi takobin sarki a bar karanta littattafan mutanen da, domin takobinsa ya fi littafi faɗin gaskiya. Wannan shi ne ɗanɗanon fadar, daga bakin waɗanda ke tsara shi. Sai ga wani dattijo ya taho daga ƙauye da baiti wajen 50,000, dukkansu a kan mutanen da.

Abul Ƙasim Firdausi an haife shi a 940 a wani ƙauye kusa da Ɗus, cikin ajin dihƙan, wato masu gonakin gado da suka riƙe labarun Iran ta dā a gidajensu. Ba maroƙi ba ne, da abin kansa ya fara. Wajen 977 ya ɗauki aikin mayar da tarihin sarakunan Farisa zuwa waƙa, littafin da ake kira Shahnama, bayan da wani bawa ya kashe Daƙiƙi, mawaƙin da ya fara aikin, kuma Firdausi ya saka baiti kusan 1,000 na marigayin a cikin nasa. Lura da shekarar: lokacin Samaniyawa na kan mulki, Mahmudu yana ɗan shekara shida. Littafin Shahnama an ɗauki cikinsa ne don wata fada, kafin a haife shi fadar ta rushe. Ya kammala a watan Maris na 1010, yana ɗan shekara 70, gonakin sun ƙare, ɗansa ya rasu yana da shekara 37, shi kuma yana kukan tsufa da talauci a tsakanin labaran jarumansa. Sarkin da ya rage wanda zai iya biyan irin wannan aiki shi ne Mahmudu, don haka ya sa yabonsa a wurare da dama cikin littafin.

Abin da ya faru bayan nan, labarin da duniya ta sani na Nizami Aruli ne. Ya ce an kwafe littafin cikin mujalladi 7, aka kai Gazna, magauta suka rada wa sarki cewa mutumin Barafile ne, wato ɗan Shi'a, kuma Bamu'utazile, wato mai bin aƙidar nan ta fifita hankali, aka ba shi dirhami 20,000 kacal. Firdausi ya shiga gidan wanka, ya fito ya sayi abin sha, ya raba kuɗin tsakanin mai gidan wankan da mai abin shan, ya gudu da dare. Ya ɓuya wata shida a Hirat a shagon wani mai sayar da littattafai, ya wuce Ɗabaristan, ya yi wa Mahmudu zambo mai baiti 100, sarkin can ya saye zambon ya sa aka wanke. Bayan shekaru wani waziri ya karanta wa Mahmudu baiti ɗaya na Shahnama a kan hanyar dawowa daga yaƙi, sarki ya yi nadama, ya aika da shuni na dinari 60,000 a kan raƙuman fada. Raƙuma na shiga Ɗus ta wata ƙofa, ana fita da makarar mawaƙin ta wata. 'Yarsa ta ƙi karɓa, aka gina masaukin matafiya da kuɗin. Wani mai wa'azi kuma ya hana a binne shi a maƙabartar Musulmi, aka rufe shi a gonarsa.

Labari ne mai daɗin ji, kuma daɗin nasa ne ya sa nake ɗari-ɗari da shi. Aruli ya rubuta shi wajen 1155, kusan shekara 145 bayan kammala Shahnama, kuma yana hidima ne a fadar sarakunan Gur, abokan gabar zuriyar Mahmudu. Zancen alkawarin dinari ɗaya kan kowane baiti, wanda aka ce an mayar dirhami, ƙari ne da ya zo daga baya. Zambon da ake bugawa yau a wasu kwafin, baitoci da yawa a cikinsa daga wasu wurare na Shahnama aka tsinto su aka harhaɗa. Shaidar da ta fi ƙarfi ita ce ta mawaƙin da kansa, a cikin littafin, inda yake cewa sarki bai ko dubi waɗannan labarai ba, mai hassada ya ɓata masa kasuwa a wurinsa, yana kuma roƙon Nasru ƙanen sarki ya sa baki. Ashe dai an yi watsi da shi, wannan tabbas ne. Dalilin ne ke bukatar tono.

Na farko, ya zo a makare. Wazirin da Firdausi ya yaba a littafinsa, Fadlu ɗan Ahmad Isfara'ini, shi ne ya mayar da wasiƙun diwani zuwa Farisanci. Daidai lokacin da aka gama Shahnama aka tuɓe shi, daga baya ya mutu a hannun masu azabtar da shi don ya fito da dukiya. Magajinsa Ahmad ɗan Hasan Maimandi ya maido da Larabci. Tsanin da dattijon zai taka ya karye kafin ya iso. Sai batun aƙida: a gabatarwar littafin Firdausi ya bayyana ƙaunarsa ga Sayyidina Ali ba tare da ɓoye-ɓoye ba, a fadar da ke sayar wa Bagadaza da sunan farautar 'yan bidi'a. Akwai masu cewa ƙabilanci ne, tunda Shahnama labarin yaƙin Iran da Turan ne, kuma a zamanin ana ɗaukar Turan Turkawa ne. Wannan hujja ba ta gamsar da ni sosai ba. Mahmudu da kansa ya gwabza da Turkawan Ƙarahaniyawa kusa da Balhu a 1008, mawaƙansa suna kiransa sarkin Iran, kuma akwai littafin tarihin sarakunan Farisa da Larabci, wanda ake jingina wa Sa'alibi, da aka sadaukar ga Nasru ɗin nan. Gidan ba ya ƙin tsofaffin sarakunan Farisa, so yake a ce ya gaje su, ya ma fi su. Matsalar Shahnama ita ce littafi ne da ke auna sarakuna. A cikinsa sarki yakan yi girman kai hasken sarauta ya bar shi, jarumi Rustam yakan gaya wa sarki magana a fuska, kuma kusa da ƙarshe akwai wasiƙar wani kwamanda da ke hango zamanin da bawa marar gwaninta zai zama sarki, asali ya daina amfani. Ko ba da Mahmudu aka nufa ba, ba a rasa mai karanta masa wannan baiti da wata murya. Littafin Tarihin Sistan ya rawaito cewa sarkin ya ce Shahnama ba komai ba ce sai labarin Rustam, shi kuwa yana da Rustam dubu a rundunarsa. Ko bai faɗa ba, maganar ta yi kama da fadarsa.

Masanan da suka zauna a Gazna ma ba duka suka zo da ƙafarsu ba. A 1017 sojoji suka kashe sarkin Huwarizm, Abul Abbas Ma'amun, wanda ke auren 'yar'uwar Mahmudu. Mahmudu ya ɗauki wannan hujja ya cinye ƙasar, ya taho da masanan fadar, cikinsu har Abu Raihan Albiruni da malaminsa na lissafi Abu Nasr Mansur. Ibn Sina ya riga ya bar Huwarizm kafin nan ya yi yamma, kuma bai taɓa taka Gazna ba. Aruli ya ce gudun kiran Mahmudu ya yi, har aka rarraba zanen fuskarsa ana nemansa. Albiruni, wanda aka haifa a 973, ya shafe shekara 13 na ƙarshen mulkin Mahmudu a ƙarƙashinsa, kuma abin da fada ta fi so daga gare shi duban taurari ne. Akwai hikayar da ke cewa sarki ya zauna a wani ɗaki mai ƙofa huɗu, ya ce ya rubuta ta wacce zai fita, sannan ya sa aka fasa ta biyar a bango. Da aka buɗe takarda aka ga abin da ya rubuta ke nan, sai sarki ya fusata ya sa aka jefo shi daga bene, ya tsira, aka tsare shi wata shida. Hikaya ce, amma ta nuna yadda mutanen ƙarni na gaba suka fahimci zaman masani a wannan fada.

Duk da haka, hare-haren Mahmudu ne suka buɗe wa Albiruni ƙofar Indiya. Ya koyi Sanskrit, ya zauna da malaman Hindu, ya fassara littafin Patanjali na yoga zuwa Larabci, a ganuwar Nandana da ke Punjab ya auna girman ƙwallon duniya ta hanyar tsayin dutse da kusurwar sararin da ido ke kaiwa. Wajen 1030 ya gama Tahƙiƙu ma lil Hind, littafin da babu kamarsa a zamaninsa wajen bayyana addinin wasu mutane da iliminsu ba tare da zagi ba. Bai sadaukar da shi ga sarki ba. A ciki ya rubuta cewa Mahmudu ya rushe arzikin ƙasar, Hindu suka watse kamar ƙura, ƙiyayyarsu ga Musulmi ta yi tsanani, iliminsu kuma ya ƙaura zuwa Kashmir da Banaras inda hannun mahara bai kai ba. Ya kuma koka cewa ba shi da ikon tafiya inda yake so. Babban littafinsa na falaki sai a zamanin Mas'udu ɗan Mahmudu ya fito, da sunansa ya kira shi Alƙanunul Mas'udi. Abin dariya kuma, wannan masani da ya rayu a cibiyar waƙar Farisanci ya rubuta cewa ya fi son a zage shi da Larabci da a yabe shi da Farisanci.

Wanda ke son ya kira Mahmudu masoyin littafi sai ya tsaya a kan abin da ya faru a Rayyu a 1029. Sarkin garin, Majdud Daula na Buwaihawa, shi ya nemi taimakonsa a kan sojojinsa da suka gagare shi. Mahmudu ya zo ya kama shi, ya cinye garin, ya gicciye waɗanda aka zarga da Baɗiniyanci, wato aƙidar Isma'iliyawa, ya kori Mu'utazilawa zuwa Kurasan. Marubucin tarihi Ibnul Asir ya ce ya ƙone littattafan falsafa da na Mu'utazilanci da na taurari, sauran kuma ya ɗauki kaya 100 ya tafi da su. Littafi a wurinsa ganima ne kamar giwa: wanda zai ƙawata Gazna a ɗauka, wanda ƙona shi zai faranta wa Bagadaza a cinna masa wuta, a kuma rubuta wasiƙa a sanar.

Zinariyar Indiya ma ba ta isa ba, manoman Kurasan ne ke cike giɓin. Tatsar da aka yi musu a zamanin Isfara'ini ta haɗu da yunwar da ta auka wa Naisabur a 1011. Baihaƙi, magatakardan da ya bar mana tarihi mafi gaskiya na wannan gida, ya rawaito cewa da mutanen Balhu suka tashi suka yaƙi Ƙarahaniyawa don kare garinsu, Mahmudu faɗa ya yi musu, ya ce ina ruwan talaka da yaƙi, ga shi sun jawo an ƙone masa kasuwa mai kawo kuɗi. Talakawa sun ji wannan darasi. Shekara takwas bayan rasuwarsa, a 1038, manyan Naisabur suka buɗe wa Turkawan Saljuƙawa ƙofa ba tare da an harba kibiya ba, a 1040 kuma Mas'udu ya sha kashi a Dandanƙan, Kurasan ta tafi ke nan. Wajen 1150 Ala'uddin Husaini na Gur ya cinna wa Gazna wuta har kwana bakwai. Aruli, bawan gidansa, ya ce ubangidan nasa ya rushe gine-ginen Mahmudu amma ya sayi ƙasidun yabonsu da zinariya ya ajiye a ɗakin littattafansa. Sabon mai ƙarfi daga duwatsu shi ma yana bukatar sanin yadda ake zama sarki.

Zuriyar Mahmudu ta karkata zuwa Punjab, Lahore ta zama babban birninsu har 1186. Da su tsarin nan na fada da ƙasida da diwani ya sauka a Indiya, sarakunan Delhi suka gada, Mugal suka gada daga gare su, Farisanci ya zauna harshen mulki da shari'a har Turawan Ingila suka sauke shi a 1837. A Lahore aka binne Ali Hujwiri, mutumin Gazna, mai Kashful Mahjub, ɗaya daga littattafan sufanci mafi tsufa da Farisanci. A Lahore kuma aka haifi Mas'udu Sa'ad Salman, babban mawaƙin Farisanci na farko da ƙasar Indiya ta fitar. Ya yabi Sarki Ibrahim jikan Mahmudu da 'ya'yansa, ya sami muƙami da dukiya, sannan aka zarge shi da hannu a wata maƙarƙashiya. Sau biyu ana ɗaure shi, jimilla kusan shekara 18 a ganuwowin kan duwatsu, kuma waƙoƙin da ya tsara a kurkuku su ne aka fi karantawa cikin diwaninsa. Da aka sake shi a karo na biyu, ya tsufa, sai aka ba shi riƙon ɗakin littattafan fada.